RA'AYINMU: Motar Lantarki, Idan Ita Kaɗai Ce A Ƙofar Gida

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare, hirar da magidanta kan yi a harabar majami'a bayan an tashi daga sujada ta sake salo. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuwa ta ɗara Naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Masu motoci da dama sun jingine nasu, ba sa fitowa da su sai ranar Lahadi. A cikin wannan hali ne aka fara jin wata sabuwar shawara a bakin 'yan'uwa: me zai hana mutum ya sayar da motarsa, ya ciko kuɗi, ya sayi wadda ke aiki da lantarki, ya rabu da layin gidan mai gaba ɗaya?

Shawara ce mai daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma mu a wannan shafi ra'ayinmu shi ne, magidancin da mota ɗaya tak gare shi, a garuruwanmu na Arewa kamar yadda suke a yau, kada ya yi gaggawar mayar da ita ta lantarki. Ga dalilanmu.

Bari mu fara da ba motar haƙƙinta. Ba ta shan mai, ba ta bukatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa balle ta turnuƙe unguwa da hayaƙi. Kuma ba labarin ƙasashen waje kaɗai ba ne. A shekarar 2020 kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona mai aiki da lantarki wadda aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar gwamnati mai kula da ƙera motoci, wato NADDC, ta buɗe wurin cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas ya sa masu batir, a ƙarshen 2023 kuma gwamnatin Jihar Barno ta zuba motocin haya na lantarki a titunan garin.

Wajen kuɗi ma lissafin yana bayanta. Batirin babbar Kona yana ɗaukar yunit 64 na wuta, masu ita kuma suka ce zai kai ta kilomita 480 da ɗoriya. A kan farashin da aka yanka wa 'yan rukunin A a watan Yuli na 2024, wato kimanin Naira 210 kowane yunit, cika batirin bai kai Naira 14,000 ba. Motar fetur mai cin kilomita 10 da lita ɗaya kuwa, tafiyar kilomita 400 za ta lashe mata lita 40, wato Naira 40,000 a farashin ƙarshen wannan shekarar. Ko ɗan firamare ya ga bambancin. Mu kuma da Littafi Mai Tsarki ya koya mana tun daga Farawa cewa amanar ƙasa aka ba ɗan Adam ya kula da ita, ba za mu raina abin da zai rage hayaƙin da 'ya'yanmu ke shaƙa ba.

To, ina gizo ke saƙar? A wajen wutar kanta.

Wannan lissafi mai daɗi an yi shi ne a kan gidan da ke samun wuta. Rukunin A, wanda aka ninka wa kuɗin wuta fiye da sau uku a watan Afrilu na 2024, an yi masa alkawarin awa 20 a rana. Rukunin ƙarshe, wato E, awa 4 aka ce. Kowane mai karatu ya san rukunin da unguwarsa take, ya kuma san ko ana cika alkawarin. Idan aka jona irin wannan mota a soket na bango, irin wanda ake jona dutsen guga, abin da take sha bai wuce yunit 2 da 'yan kai a awa ɗaya ba. Ke nan cika batirin da ya ƙare ya fi kwana ɗaya cur, wuta na nan ba a ɗauke ba. Idan an kafa na'urar caji ta musamman a gida, sai kamar awa 10, muddin wayoyin gidan da taransifomar unguwa za su iya ɗauka. Janareta ƙarami da muke kunna fanka da talabijin da shi ba zai iya ba. Wanda ya sayi babba ya riƙa zuba masa mai domin ya caja motar da aka saya don gudun sayen mai, ai ya yi gudun gara ya faɗa wa zago.

Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba. Ɓarayi da 'yan ta'adda sun lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Benuwai kuma ya sami matsala, sai yawancin jihohin Arewa suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. Masu niƙa, masu walda, masu sayar da ƙanƙara, kowa ya ɗanɗana. Mai karatu ya tambayi kansa: da a ce motar gidansa ta lantarki ce a wannan makon, da yaya?

Wannan ita ce tambayar da muke so a tsaya a kanta, domin a wurinmu mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. A Turai mutum na iya cewa motarsa ta zuwa ofis ce da dawowa, in wani abu ya taso da dare ya buga waya motar asibiti ta zo. Mu a nan, motar da ke ƙofar gidan ɗan'uwa ita ce motar asibitin layin gaba ɗaya. Ita ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da ƙarfe biyun dare idan naƙuda ta kama matar maƙwabci, ko Kirista ne ko Musulmi ba a tambaya. Ita ke ɗaukar yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga zuwa Jankwano ko Vom ko St. Gerard. Ita ke bin gawa zuwa ƙauye, ita ke kai fasto gaisuwar rasuwa, ita ke kwasar 'yan Zumuntar Mata da tukwanensu zuwa taro. Duk waɗannan babu wanda ke aiko da sanarwa kwana biyu kafin ya faru. Mai motar fetur da tankinsa ya yi ƙasa yana iya bugun ƙofar wani ya ari galan, ko ya tsaya wurin 'yan bumburutu a bakin hanya, ya saya da tsada yana gunaguni, amma cikin minti biyar ya tashi. Waɗanda suka ga wahalar mai ta shekarun 1990 sun san haka aka rayu. Lantarki kuwa ba shi da ɗan bumburutu. Ba a zuba shi a jarka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to motar lantarki gora ce da dole a fafe tun jiya, kuma ba mai gidan ne ke riƙe da wuƙar ba.

Sai batun tafiya gida. Yawancin 'yan ikilisiyoyinmu na birni suna da tushe a wani wuri: Kaltungo, Biliri, Zuru, Kafanchan, Langtang, Numan, Garkida, Michika. Kirsimeti ba ta cika sai an je gida. Daga Jos zuwa Gombe kusan kilomita 300 ne, daga Jos zuwa Maiduguri kusan 600. Wancan adadi na kilomita 480 da kamfani ya rubuta, an auna shi ne a ɗakin gwaji, ba da mutum biyar da akwatuna da buhun shinkafa da na'urar sanyaya mota a kunne cikin zafin Maris ba. A ce ma motar ta kai ƙauye lafiya, da me za ta dawo? Wuraren caji na jama'a da ake da su a ƙasar nan kaɗan ne, akasarinsu kuma a Legas da Abuja suke. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su haɗe da layin wutar gwamnati, kuma mun san yawancinsu a irin ƙauyukanmu suke. Ba ma bukatar mu tsaya bayyana wa kowa abin da ake nufi da mota ta mutu da iyali a cikinta, magariba ta yi, a wasu hanyoyinmu na yanzu.

Gyara ma abin dubawa ne. Bakaniken da ya shekara ashirin yana kwance injin Peugeot da Toyota, ko a Panteka yake, ba lalle ya taɓa buɗe irin wannan mota ba. Wutar da ke cikin batirinta tana kai bolt 400, ta fi ta gida nesa, kuma tana kisa. Batirin shi ne abu mafi tsada a jikin motar, zafi mai tsanani yana tsufar da shi, garantin da kamfanoni suka saba bayarwa a kansa kuwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Mu da muka saba sayen mota ta hannu wadda ta riga ta kwashe shekaru a wata ƙasa, sai mu lura: wanda ya sayo mai shekara bakwai, ya sayi garantin da ke bakin ƙarewa ne, in ma yana aiki a nan.

Za a ce mana ai ga Norway, inda a 2024 kusan motoci 89 cikin kowace sabuwa 100 da aka sayar na lantarki ne zalla. Haka ne. Amma mutanen Norway ba su kai miliyan 6 ba, kusan dukan wutarsu daga ruwa da iska take, ba ta yankewa, kuma sun shafe shekaru suna kafa wuraren caji a kan hanyoyinsu. Za a ce ga Habasha a nan Afirka, wadda a 2024 ta hana shigo da motocin gida masu shan fetur da gas. Ita ma sai da ta gina katafariyar madatsar ruwa a kan kogin Nilu, wadda aka yi bikin buɗewa a watan Satumba na 2025. Mu kuwa mutum sama da miliyan 200 muna rabon wutar da sau da yawa ba ta wuce megawat 5,000 ba. Kowa ya fara da wuta ne, mota ta biyo baya.

Ba muna cewa babu wanda motar za ta yi wa daidai ba. Gidan da ke da mota biyu, ya mayar da ɗaya ta lantarki domin zirga-zirgar cikin gari, ya yi dabara. Haka wanda ke da gidan kansa da halin kafa farantan sola: tafiyar kilomita 40 a rana ba ta cin fiye da yunit 6 ko 7, farantai biyar ko shida masu kyau za su iya samar da wannan a ranarmu ta Arewa, in ana share musu ƙurar hunturu. Sai dai a tuna, rana tana aiki ne lokacin da motar take wurin aiki, don haka sai an ƙara da batiran ajiya, kuɗi kuma ya ƙaru. Ɗan haya da ke ajiye motarsa a bakin titi, wannan hanya a rufe take gare shi. Wanda tsadar mai ta ishe shi, akwai matsakaiciyar hanya: motar da ta haɗa inji da batir, ko kuma a sa wa tsohuwar tukunyar iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ke tallatawa tun 2023, tunda tankin fetur yana nan idan gas ya ƙare.

Abin da ya fi damunmu shi ne bashi. Muna jin tsoron kada wani ya karɓi rance daga asusun adashen ma'aikata ko na ƙungiyar ikilisiya, ko ya sayar da fili, saboda an nuna masa lissafin Naira 14,000 da Naira 40,000, alhali ba a nuna masa sauran shafin ba. A Bisharar Luka sura 14 Ubangijinmu ya yi misali da mai ginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafi tun bai sa tushe ba. Lissafin nan kuwa ba na maigida ne shi kaɗai ba. A zauna da uwargida, domin ita ce za ta tsaya da yaro marar lafiya a hannu ranar da motar ta ƙi tashi. Don an ga hadari ba a zubar da ruwan tulu.

Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da babbar murya: cire harajin VAT daga motocin lantarki da aka yi a 2024 abu ne mai kyau, amma bai kai tsare layukan wuta daga masu lalata su muhimmanci ba, bai kuma kai samar wa Arewa wata hanyar wuta ta biyu ba. Gwamnonin jihohinmu su ma ba su da sauran uzuri, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba su ikon shirya harkar wuta a jihohinsu.

Sa'an nan mu juyo gida. Idan za a gwada wannan abu, ikilisiya ta fi magidanci ɗaya ƙarfin ɗaukar kasadar. Bas ɗin makarantar mishan da ke bin hanya ɗaya kullum, ya dawo ya yini a harabar makaranta, shi ya fi dacewa da batir. Majami'unmu suna da faffaɗan rufi da ke shan rana kwana bakwai a mako. Asibitocinmu da makarantun Littafi Mai Tsarki suna baje a kan manyan hanyoyi, a wuraren da ɗan kasuwa ba zai yi saurin kai na'urar caji ba. Muna ba shugabannin ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, LCCN, Katolika, Angalikan, Baptis da sauransu shawara su sa wannan batu cikin ajandar tarurrukansu na shekara, a nemi injiniyoyin da ke zaune a kujerun majami'a kowace Lahadi su kawo ƙiyasin abin da wurin caji ɗaya zai ci a harabar asibitin mishan, a kuma tura samari biyu ko uku daga makarantun koyon sana'a su koyo gyaran irin waɗannan motoci.