An Rushe Ilojo, Mun Yi Shiru

A 1855 aka gina gidan Fanandes a bakin dandalin Tinubu, cibiyar cinikin Ikko, bisa fasalin ginin 'yantattun bayin da suka komo daga Barazil. Daga bisani ya koma hannun iyalin Olaiya, ya zama wurin ciniki, aka laƙaba masa Ilojo. A 1956 hukuma ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa.

Ran 11 ga Satumba, 2016, jajiberin Babbar Salla, katafila ta mai da shi kufai. Ina dokar? Ina masu tsaronta? Mu kuwa muka zuba ido, alhali ganuwar Kano ma ana ta yankan ta fuloti-fuloti. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.