Kaurin mai ba ya warkar da giya

Direban Golf mai jigila tsakanin Sundimina da Birnin Kudu, da zarar giya ta fara gurzawa, yakan nemi mai mafi kauri. Kuskure ne mai tsada. A cikin giyabos akwai zobban tagulla masu daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, kuma sai da ɗan gogayya suke kamawa. Man GL-5, wanda aka tanada domin aksul, yakan sa su santsi, wani ma ya ci tagullar. GL-4 ne ya dace da irin wannan giya. Kafin a sayi mai, a fara duba kuloci. Zoben da ya riga ya cinye kuwa, sai bakanike ya sauya shi.