RA'AYINMU: Mai Karatu Daga Gida Ya Tsare Lokacinsa



A shekarar 1983 ne gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, domin waɗanda aiki ko aure ya hana su zaman aji. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita. Bayan haka annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022. Waɗannan al'amura sun sa matasanmu da matan aure da dama sun rungumi karatu ta intanet daga gida. Lalle muna maraba da wannan ƙofa da ta buɗe, sai dai wajibi ne mu faɗi abin da muke gani: ɗan uwa ya biya kuɗin rajista da guminsa, zango ya ƙare bai kammala ko babi uku ba.

Dalilin haka a fili yake. A makarantar zaure idon malam yana kan ɗalibi, a makarantar boko akwai ƙararrawa, amma a gida babu ko ɗaya, kuma wayar da ake ɗaukar darasi da ita, ita ce dandalin hira. Facebook da TikTok da talla suke samun kuɗi, gwargwadon daɗewar mutum a kansu gwargwadon ribarsu, shi ya sa aka tsara su yadda kallo ba ya ƙarewa. Sai ɗalibi ya ɗauki waya bayan azahar da niyyar sauraron lacca, saƙo guda ya shigo, kafin ya farga an kira la'asar. Ga asarar lokaci ga ta dukiya, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025. Ba za mu kare kanmu ba: muhawarorin da 'yan uwa ke tafkawa a WhatsApp da sunan raddi suna cikin manyan abubuwan da ke cinye lokacin ɗalibanmu.

Don haka muke nasiha da abubuwa huɗu.

Na farko, a ɗaure karatu da lokutan salla, domin sun riga sun raba mana yini. Daga asuba zuwa hantsi a ba darasi mafi wuya, da sanyin safiya ake kama fara. Tsakanin magariba da isha a yi bita, kamar yadda magabatanmu suka saba a zaure.

Na biyu, a sauke darasi tun da wuri, sa'an nan a kashe data, a ɗauki biro da littafi a rubuta abin da aka fahimta. Wanda ya bar ƙofar saƙonni a buɗe, ya gayyato ɓarawo da kansa.

Na uku, a yanka karatu gunduwa-gunduwa. Wani Ba'italiye mai suna Francesco Cirillo ya fito da wata dabara a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na karatu ba waiwaye, sai hutun minti 5. Irin wannan zama sau huɗu ya fi yini guda na karatu haɗe da leƙe-leƙe.

Na huɗu, kira ne ga iyaye da mazaje. Ganin yaro a ɗaki ba ya nufin zaman banza yake yi, a daina katse shi da aike a lokacin darasi. Wanda kuma ya yardar wa iyalinsa yin karatu, ya cika alherinsa da keɓe mata sa'a biyu a yini, a sami mai riƙe mata yara.

A ƙarshe muna kira ga rassanmu da su haɗa irin waɗannan ɗalibai biyu-biyu, su riƙa yi wa juna tambayoyi kowane mako, domin wanda ya san za a tambaye shi ba ya sakaci. Kuɗin da ya salwanta ana iya mayar da shi, amma zangon da ya wuce ya wuce ke nan.

Allah Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya sa mu dace.