Gubar Ruwan Jakara: A Bakin Masana'anta Ya Kamata A Tare Ta

Kogin Jakara yana kwashe dagwalon birnin Kano, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ya gangara dam ɗin Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir. Da wannan ruwa 'yan lambu ke ban ruwan latas, alayyafo da kabeji, kuma bincike ya sha gano dalma, kiromiyom da kadmiyom a cikinsa. Tafasa ruwa ba ta fitar da waɗannan ƙarafa. Abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu, ya isa ishara.

Akwai fasahar da ta dace da matsalar, ana kiranta haidirojel na selulos. Selulos shi ne zaren da ke cikin karan dawa, ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa. Idan aka sarrafa shi, yakan zama abu mai kumbura da ruwa kamar garin da ke cikin famfas ɗin jarirai. Jikinsa na da cajin da ke janyo ƙwayoyin ƙarfe ya riƙe su. Wasu masu bincike kan cusa masa ƙananan ƙwayoyin tsatsar ƙarfe, don a tsamo shi da maganaɗisu idan ya gama aiki.

Sai dai galibin gwajin a ɗakin bincike ake yi, da ruwa kaɗan. Kuma haidirojel ɗin da ya ƙoshi da dalma shi kansa guba ne. Idan aka watsar da shi a bola, an yi tufka da warwara.

Shi ya sa bai kamata a mayar da shi hajar da za a tallata wa manomin Minjibir ba. Kogi ba ya tatuwa a bakin lambu. Wurin fasahar shi ne bakin bututun masana'anta, inda ruwan bai bazu ba, kuma mai ɓatawa ne zai biya. Jami'ar Bayero na da masana, ƙauyuka na da kara, hukumar NESREA na da hurumin tilastawa.

Matasa masu waya kuwa za su iya ɗaukar hoton duk magudanar da ke zubo dagwalo, su haɗa da lambobin GPS, su tattara taswira. Hujja mai adireshi tana da wuyar musantawa.