Wanda Ya Manta Kayansa a Adaidaita Sahu, Ina Zai Nufa?

A watan Satumban 2023 wani fasinja ɗan ƙasar Chadi ya sauka daga adaidaita sahu a Kano, ya bar kuɗin da suka kai naira miliyan 15 a ciki. Matashin da ke tuƙin bai san mai su ba, sai da aka yi cigiya a gidan rediyo sannan ya kai su. An yaba masa sosai, kuma ya cancanci yabon. Amma da cigiyar ba ta iso kunnensa ba fa?

Mantuwa irin wannan ba sakarci ba ce. Masana aikin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa abin da hannu ya yi alhali hankali yana wani wuri ba ya zama a ƙwaƙwalwa tun farko, shi ya sa mutum zai yi ta rantsuwa bai san inda ya ajiye ba. Dubi mace da goyo a baya, leda a hannu, tana lissafin canji, masu mota na danna mata oda. Wayar da ta ɗora a cinya ta zame kan kujera tun kafin ta sa ƙafa a ƙasa. Haka magidanci zai cire agogo wajen alwala, a tayar da iƙama, ya ruga sahu. Hatta shahararren makaɗin nan Yo-Yo Ma ya taɓa barin abin kiɗansa na miliyoyin daloli a but ɗin tasi a New York a 1999.

Tunda kowa na mantuwa, abin tambaya shi ne tanadin da gari ya yi mata. Landan ta buɗe ofishin kayan da aka manta a motocin haya da jiragen ƙasa tun 1933. A Japan, wanda ya yi tsintuwa yakan miƙa ta a ƙaramin ofishin 'yan sanda na unguwa. Doka ta ba shi ladan kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na darajarta, idan kuma wata uku ya wuce ba a zo nema ba, yawancin kaya sukan zama nasa.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a nan. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure sun ce a yi cigiyar tsintuwa shekara guda, a ƙofar masallatai da wuraren da ake zaton mai ita zai nema. Matsalar ita ce birnin da miliyoyin mutane ke kai-komo ya fi ƙarfin ƙofar masallaci ɗaya. Mai gaskiya yakan rasa inda zai kai kaya, wani ma tsoro ke hana shi, kada a ce shi ya sace. Wannan abin takaici ne ƙwarai.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kowace tasha tana da ofishin ƙungiyar direbobi da ke yankar kuɗi kullum, adaidaita sahu kuma suna da lamba a jiki. A ajiye littafi da akwati mai makulli a kowane ofishi, a rubuta abin da aka kawo da ranar da aka kawo shi, a ba wanda ya kawo takardar shaida. Gidajen rediyo su ware minti biyar bayan labarai su karanto jerin, amma a ɓoye wata alama ta kowane kaya, wadda sai mai shi na gaskiya zai iya faɗa.