Piyano Ilimi, Kalangu Roƙo: Wa Ya Yanke Wannan Hukunci?

Wata Asabar na kai ziyara gidan ƙanena a Gwarinpa, na tarar an hana kowa motsi. An kashe talabijin, an kora ƙananan yara bayan gida, an tayar da janareto tun kafin a ɗauke wuta. 'Yarsa mai shekara goma sha ɗaya tana zaune gaban piyano, uwar ta kafa waya a kan tebur tana ɗaukar bidiyon da za a tura wa masu jarrabawa. Ƙa'ida ita ce a kaɗa kiɗa huɗu a jere ba tare da an yanke ɗauka ba. Sau uku yarinyar tana tuntuɓe a na uku, ta fashe da kuka, uwar ta share mata hawaye tana cewa, "Yi haƙuri Mamana, sake daga farko." Sai bayan la'asar aka samu wanda ya yi, gidan ya ɗauki shewa.

Bayan mako biyu muka je biki Suleja. Ƙanen yarinyar, ɗan shekara takwas, ya liƙe wa wani makaɗi har mutumin ya rataya masa kalangu, ya nuna masa yadda ake matse shi a hammata murya ta tashi, a saki ta sauka. Yaron ya buga sau biyu, fuskarsa ta cika da murna. Sai ga uban ya keto taro: "Kai! Ajiye abin nan. Gidanmu ba a roƙo." A hanyar komawa na tambaye shi bambancin wannan da wancan. Ya ce, "Haba Yaya, wancan ai ilimi ne, har da satifiket. Wannan kuwa me za a ce yaro ya zama?"

Da ƙanena ne kaɗai mai wannan ra'ayi, da na bar maganar a cikin mota. Amma shi ne ra'ayin da ya zauna daram a falukan 'yan bokonmu daga Maitama zuwa Asokoro, daga Wuse zuwa Jabi: kiɗan Bature tarbiyya ne da buɗe ƙwaƙwalwa, kiɗan Bahaushe kuwa zubar da girma ne. Ni kuma ina ganin wannan hukunci zalunci ne, kuma ya saɓa wa tarihin piyanon kansa.

Kada a ɗauka ina gaba da piyano ko da jarrabawa. Na ga wahalar da iyaye ke sha, kuma na yaba. Hukumar ABRSM ta Landan, wadda aka kafa a 1889, ta shimfiɗa tsani mai hawa takwas. A jarrabawarta ta gaba da gaba yaro zai kaɗa kiɗa uku da ya shirya, ya yi hawa da saukar sauti, a miƙa masa rubutun kiɗan da bai taɓa gani ba ya karanta nan take, sannan a gwada kunnensa. Maki 150 ne. Mai 100 ya tsallake, mai 120 ya samu yabo, mai 130 ya yi zarra. Tun 2020 aka ƙara hanyar bidiyo, irin wadda 'yar ƙanena ta bi. Akwai kuma ta Trinity, ga ta gida da ƙungiyar MUSON ta Legas ke shiryawa. Tsani irin wannan yana koya wa yaro haƙuri da naci, yana nuna masa inda yake da inda zai nufa. Uwar da ke ratsa cunkoson Berger da yamma don kai yaro lesin, da uban da ke biyan kuɗin jarrabawar da ke tashi duk lokacin da fam ya tashi, ba wasa suke yi ba.

Tambayata ita ce: me suke saye da wannan wahala? Idan kiɗa suke so wa ɗansu, me ya sa kalangu ya zama abin kunya? Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce, da yawanmu takardar muke so. Hatimin Landan shi ne sabulun da ke wanke wa kiɗa dattin roƙo a idonmu. Da za a cire satifiket, a cire hoton da ake sakawa a WhatsApp na dangi, da piyano da yawa a Abuja sun koma teburin ajiye furen roba.

Mu ɗauki zancen roƙon. Ana cewa makaɗin Hausa bara ne na sarakuna da masu kuɗi, yana wasa su don su ba shi. To, su waye suka rubuta kiɗan da 'ya'yanmu ke haddacewa? Joseph Haydn ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara talatin a can. Yarjejeniyar aikinsa ta wajabta masa sa kayan barorin gidan, ya kuma riƙa bayyana kullum yana jiran umarnin ubangidansa. Mozart da kansa ya rubuta wa mahaifinsa a 1781 yana kukan cewa a gidan babban limamin cocin Salzburg tare da masu dafa abinci da masu hidima ake zaunar da shi cin abinci. Wane bambanci ke tsakanin wannan da zaman Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ko na Sarkin Taushin Katsina a fadar Katsina? Dukkansu makaɗan fada ne. Turawa sun raba fasahar da barantakar, suka riƙe fasahar, suka gina mata makarantu. Mu kuwa mun haɗa su mun zubar, muka koma muna biyan fam don koyon kiɗan barorin wasu.

Sai a ce ai namu ba ilimi a cikinsa, buge-buge ne kawai. Mai faɗar haka bai taɓa riƙe kalangu ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu bin karin yake yi, yana hawa yana sauka har ya kira sunan mutum da takensa, mai sunan ya waiwayo daga nesa. Goge tsarkiya ɗaya gare shi, ta gashin wutsiyar doki, babu wata alama a jikinsa da ke nuna wa yatsa inda zai sauka. Kunne ne kaɗai jagora. Gwajin kunnen da ake razana yaranmu da shi a jarrabawar Landan, ɗan mai goge da shi yake karin kumallo. Adamu Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa na gwangwani da fata da tsarkiya ɗaya, ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Mamman Shata, wanda kalangu ya raka har ƙarshen rayuwarsa a 1999, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Shata. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus guda na kalmomin kiɗan Hausa tun 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shafe rayuwarsa yana nazarin makaɗa da mawaƙanmu. Abin mamaki, mun yarda ɗanmu ya zama farfesa a kan makaɗi, amma ba mu yarda ya taɓa abin da makaɗin ya riƙe ba.

Kuma duk mu ne masu sauraro. Babban sakataren da zai daka wa ɗansa tsawa a kan kalangu, shiga motarsa da safe a hanyar sakatariya, Ɗanƙwairo ne ke tashi, yana kaɗa kai yana bin amshi. Ranar naɗin sarautarsa zai aika a ɗauko masu kakaki da algaita, kayan da Tarihin Kano ya ce kakakin cikinsu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake fada. Muna son zuma, muna ƙyamar mai ɗebo ta.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Wasu iyaye sun guji kayan kiɗa gaba ɗaya saboda fahimtarsu ta addini, suna bin malaman da suka hana. Wannan matsayi ne mai tushe, kuma mai shi bai saɓa wa kansa ba: babu piyano a gidansa, babu garaya. Ba da shi nake ba. Ina magana da wanda ya shigo da piyano falo, ya ɗauki malami, ya biya jarrabawa, sannan ya tuna da addini ranar da ya ga gurmi. Ban san malamin da ya ce tsarkiyar da aka ɗaura a Jamus halal ce, wadda aka ɗaura a Haɗeja haram ba. Idan kuma tsoron shi ne goge ya yi zama da bori da gidajen giya, to piyano ma ya kwana a mashaya da gidajen banza na New Orleans, inda kiɗan jaz ya yi ƙuruciyarsa. Wurin zama ne ke ɓata yaro, kuma yaron da ke koyo a falon ubansa, uwarsa na zaune, ba a gidan magajiya yake ba.

Hujjar da na yarda da ita ita ce ta tsari. Kiɗanmu gado ne, ɗa ya bi uba wurin biki yana ɗaukar kaya, ya fara amshi, a hankali a ba shi ƙaramar ganga. Ɗan da ke makaranta daga safe zuwa yamma ba zai iya wannan ba. Babu manhaja, babu mataki, babu mai cewa ga abin da za a iya a wata shida. To amma wannan giɓi ne da ake cikewa, kuma wasu sun cike nasu. A Indiya kiɗa ya kasance sana'ar gado da manyan gida ke raina wa, har Vishnu Digambar Paluskar ya buɗe makarantar Gandharva Mahavidyalaya a Lahore a 1901, aka rubuta darussa, aka tsara matakai. Yau likita a Delhi yana alfahari ɗansa ya ci jarrabawar gangar tabla. Nan kusa da mu, a Yamai, akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya. Marigayi Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya tafi yankin Tafkin Chadi a 2002 ya zauna gaban tsohon da ya rage mai iya biram, molon Buduma mai tsarkiya biyar, ya koya don kada abin ya bi tsohon kabari. Mu a Abuja hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa tana nan Sheda, cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi tana nan Garki. Gine-gine ba su yi mana ƙaranci ba.

Amma ba gwamnati nake jira ba, domin ba ita ta kawo malaman piyano Abuja ba. Iyaye ne suka nema, kasuwa ta buɗe. Haka aka yi da malaman lesin lissafi da masu zuwa gida biya wa yara karatun allo. Ranar da gida goma a rukunin gidaje ɗaya suka haɗu suka nemi mai goge ko mai kalangu ya riƙa zuwa kowace Asabar, to ranar za a fara rubuta manhaja. Sharaɗi ɗaya ne: a biya shi albashi a ambulan kamar kowane malami, a ba shi kujera, yara su kira shi Malam. Kada a yi masa liƙi a goshi. Liƙin nan shi ne roƙon da muke ƙyama, kuma hannunmu ne ke yin sa.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke kan tsanin Landan kuma, shawarata ku ci gaba, amma ku sassauta wa takarda. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar jajibirin jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna ku saurari yaro ranar da babu kyamara. Idan ya gama mataki, ku bar shi ya huta ya kaɗa abin da ransa ke so kafin a yi rajistar na gaba. Ku kuma gwada shi da gwajin da babu shi a manhajar kowa: kakarsa ta rera waƙar daka ko ta reno, ya nemo ta da kunne a kan piyano. Yaron da ya kai mataki na biyar amma ya kasa wannan, akwai sauran aiki.

Sakamakon 'yar ƙanena ya fito, ta samu yabo, an sa takardar a gilashi an rataye a falo. Na taya ta murna da zuciya ɗaya, don ta sha wuya. Da na tashi tafiya na leƙa bayan gida, sai na tarar da ƙanenta zaune a kan dakali, ya matse galan ɗin mai a hammata yana bugunsa da cokali, yana sassauta hannu duk lokacin da ya ji motsin ubansa. Mako mai zuwa zan koma Suleja neman makaɗin nan. Kuɗin wata uku na farko ni zan biya, in ya so ƙanena ya zo ya faɗa mini a gaban Malam cewa ba ilimi ba ne.