Ogui: Zaman Baƙunta Ya Isa Haka

Duk ɗan Arewa da ya sauka Inugu, da wuya ya kwana biyu bai taka Ogui ba. Nan tashar jirgin ƙasa take, nan filin wasa na Nnamdi Azikiwe yake, babban masallacin titin Owerri kuma ba nisa. Tun da asuba mai shayi ya hura wuta, 'yan garuwa sun fita, da yamma kuwa hayaƙin tsire ya turnuƙe bakin titi. Kowa na neman halaliyarsa.

Amma in aka leƙa cikin gidaje, abin sai addu'a. Samari a cunkushe ɗaki guda, masai ɗaya ga gida duka, lambatu a toshe. Ruwa kuwa tsohon ciwon Inugu ne, don ƙasar garin mai kwal ce, ba ta ba da rijiya da sauƙi, sai jiran tanka. In aka ce a gyara, sai mutum ya ce ai shi baƙo ne, baɗi zai koma gida. Ga shi ya yi furfura a Ogui, 'ya'yansa ma nan aka haife su.

Wannan tunani kuskure ne. An gano kwal a 1909, layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, fataken shanu kuma sun daɗe suna cin kasuwar garin. A 1956 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Da ya tsaya wa baƙunta, da ba wanda ya san sunansa.

Wasu za su tuna rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, su ce ba a sakin jiki. Tsoron yana da dalili. To amma wanda maƙwabcinsa ya san shi ya fi wanda ya ware kansa samun mafaka ran tashin hankali.

Saboda haka ya kamata Sarkin Hausawa da masu masauki su ƙayyade yawan masu kwana a ɗaki, a riƙa gayyar kwashe lambatu, a sa yara makaranta, a koyi harshen Ibo. Kowa ya yanki katin zaɓe a nan, domin Ƙaramar Hukumar Inugu ta Arewa ta san da mutanen da za ta yi wa aiki. Ruwan da ya daki mutum shi ne ruwa. Allah Ya sa a gane.